Tambayoyin Zulfa a Wayar Njidda

Idan Njidda ya dawo daga sallar asuba ba ya komawa barci. Akwai wani tsohon turmi da aka kife a ƙofar kicin ɗin gidansa a unguwar Majidaɗi ta Jalingo, a kansa yake zama, ya zaro waya daga aljihu, ya taɓa ɗan layin nan da ake rubuta abin da ake nema. Ba ya rubuta komai. Da ya taɓa sai tambayoyin su zubo da kansu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya, kowace da ɗan hoton agogo a gefenta, alamar an taɓa yin ta. Yana karanta su daga ƙasa zuwa sama, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. Ta can sama ita ce: ko 'ya tana gadon ciwon nono daga uwarta.

Wadda ta rubuta tambayoyin matarsa ce, Zulfa. Tun daminar bara take kwance a maƙabarta.

In ya gama sai ya mayar da wayar aljihu, ya sha ruwan zafi a tsaye, ya kama hanyar kasuwa. Gyaran waya yake yi a layin masu waya, teburi ɗaya ƙarƙashin rumfar kwano, da gilashin ƙara girma da ƙarfen liƙi da gwangwanin ƙananan kusoshi. Ba a kan wannan sana'a aka haife shi ba. A ruga ya tashi, can bayan Kachalla Sembe lokacin da wurin daji ne. Shanun ubansa ciwo ya ci wasu, kasuwa ta ci sauran, sai ya shigo gari yana saurayi da sanda a kafaɗa, babu abin kora. Wani Bajukune mai suna Michael ya koya masa gyaran rediyo. Da rediyo ta mutu waya ta zo, ya bi waya. Mutum ne wanda ba ya cewa "gobe in sha Allahu" alhali ya san jibi ne. In abu ya fi ƙarfinsa yakan tura maka kayanka ya ce, "Kai gaba." Shi ya sa masu jin daɗin baki ba sa zuwa wurinsa, masu son aiki kuma ba sa zuwa wurin kowa sai shi.

Akwai wata al'ada a layin nan. Mutum zai sayi sabuwar waya, dillalin shanu ne ko mai sayar da doya ko tsohuwar da ɗanta ya aiko mata daga Legas, ya kawo ya ce a sa masa abin hira da abin kallo. Ba a sauke waɗannan sai da imel. Buɗe sabon imel kuwa aiki ne: a nemi suna, a nemi lambar sirri, mai wayar ya manta ta kafin ya kai tasha, gobe ya dawo yana cewa kai ka ɓata masa waya. Saboda haka kowa a layin nasa imel ɗin yake sawa, ya sauke abin da za a sauke, ya miƙa. Cirewa kuma sai wanda ya tuna, kuma ba mai tunawa. Haka imel ɗin Njidda ya riƙa yawo a aljihun mutane daga Barade har ƙauyukan Lau. Duk abin da ɗayansu ya tambayi injin binciken da ke wayarsa, sai ya faɗo a wayar Njidda kamar shi ya tambaya.

Abin ya zama musu nishaɗi shi da Tobiya, Bamumuyen da ke sayar da caja da rigar waya a teburin da ke manne da nasa. In rana ta take kasuwa ta yi sanyi, Tobiya zai miƙo wuya ya ce, "Malam Fulo, buɗe mana labarai. Yau me mutanenka yana so?"

Njidda ya karanto: farashin bijimi a kasuwar Iware. Fassarar mafarkin maciji. Wa ya ci ƙwallon jiya. Maganin ƙarfin maza.

"Wannan na ƙarshe kai ne," in ji Tobiya. "Kada ka ɗora wa kwastoma."

"Bawan Fulani ba ya zagin ubangijinsa."

"Ubangiji da ba shi da ko akuya!"

Haka suke tun da suka san juna, wasan da ke tsakanin ƙabilunsu ya girme su duka.

Zulfa kuwa 'yar dangi ce, ita ma tashin ruga. Kindirmo take haɗawa ta zuba a robobi, ta kai wa ma'aikata a ofisoshin sakateriya. Ta yi makaranta daidai gwargwado, tana karatu tana rubutu da Hausa. Abin da kowa ya sani game da ita shi ne ba ta kuka da ciwo. Fulani suna da sunan wannan hali, pulaaku, wato kunya da dauriya da ƙin nuna wa mutane buƙatarka, kuma ita ta ɗauke shi da gaske fiye da yadda malamai suke ɗaukar farilla. Ranar da ta haifi 'yarsu ta fari, Rauda, matan gida ba su san ana naƙuda ba sai da suka ji kukan jaririya. Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Shi ma bai taɓa kiran sunan Rauda ba, domin 'yar fari ce, kuma uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi. Da ƙanne suka zo suna ce mata Adda, wato yaya, sai ya samu mafita, yana cewa "Addarsu." Gida ne mai zaman lafiya, ba a ɗaga murya, ba a kuma tambayar kowa me ke damunsa.

Da ya saya wa Zulfa waya saboda masu odar kindirmo, ya yi mata abin da yake yi wa kowa. Ya sa imel ɗinsa.

Wata rana da rana, cikin labaran da yake karanta wa Tobiya, ya ci karo da wata tambaya: ƙullutu a nono marar zafi mene ne. Tobiya bai yi dariya ba, ya ce Allah ya sauwaƙe, suka wuce zuwa ta gaba. Da yamma Njidda yana cin tuwo a tsakar gida, Zulfa na gefe tana wanke robobi, sai abin ya faɗo masa, ya ce da ita, "Kin san duk abin da masu wayoyin nan suka tambaya ina gani a tawa? Yau wata baiwar Allah tana tambaya a kan ƙullutu a nono. Maimakon ta gaya wa mijinta ya kai ta asibiti, ta tsaya tana tambayar waya."

Zulfa ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wataƙila ba ta san yadda za ta faɗa ba."

"To Allah ya ba ta lafiya."

"Amin," in ji ta, ta ci gaba da wanke-wankenta.

Tambayoyin ba su tsaya ba. Lokaci zuwa lokaci sai ya ga wata a tsakanin farashin taki da sakamakon ƙwallo. Ko ƙullutu yana bajewa da kansa. In fatar wurin ta canja launi fa. Wane asibiti ake duba wannan a Jalingo. Ko ana yanke wa mace nono in ta je. Yakan ce a ransa, matar nan har yanzu ba ta je ba, mijinta wane irin mutum ne. A gida kuwa ya lura Zulfa ta koma ɗaukar bokiti da hannun hagu. Ya lura ta koma kwana a ɗakin yara, ta ce zafi ya yi yawa a nasu. Ya lura ta rame. Ya gani da idonsa, bai tambaya ba, domin a gidan da ya tashi tambayar mace abin da ke jikinta shi ma rashin kunya ne. Jira yake ta faɗa, ita kuma a ganinta ta riga ta faɗa.

Ranar da ta faɗi a bakin famfo, maƙwabciyarsu Alice ce ta fara zuwa, tsohuwar nas da ta yi ritaya. Ta shiga da ita ɗaki, ta buɗe mata zane, ta fito fuskarta a murtuke. Ba ta sassauta masa ba. Ta ce, "Malam Njidda, wannan abu ba na wata ɗaya ba ne, ba na wata biyar ba. Kana cikin gidan nan kuwa?" Aka kai ta asibiti, asibiti suka ce Gombe, Gombe suka ce da an zo da wuri. Ya dawo da ita gida. Ba ta yi raki ba har ƙarshe.

Bayan an share makoki, maganar Alice ta hana shi sakat. Shi mai gyaran waya ne, ya san akwai shafin da injin binciken yake ajiye komai, kowace tambaya da ranarta da irin wayar da ta fito daga ciki. Bai taɓa damuwa ya buɗe ba. Ya buɗe a teburinsa da hantsi, mutane na wucewa. Tambayar ƙullutu ta fito daga wayar da shi da kansa ya saya, ya liƙa mata gilashi, ya kai gida a aljihunsa. Ya bi ranakun. Ta farko ita ce ta ranar tuwon nan. Duk sauran bayanta suka zo, wato bayan ya gaya mata da bakinsa cewa yana gani. Ba ta daina ba, sai ma ƙara bayyana abin da take yi, tambaya bayan tambaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa a hankali don kada maƙwabta su ji.

Tobiya ya ce ya ga Njidda ya ajiye wayar a kan teburi, ya ɗora hannuwansa biyu a gefenta, ya zauna haka har aka kira azahar. Bai yi kuka ba. Da ya tashi, abin da ya fara yi shi ne canja lambar sirrin imel ɗin, ya kori duk wayoyin mutane daga ciki. Ya bar biyu, tasa da ta Zulfa, wadda ya kashe ya sa a ƙasan akwati. Shi kansa bai sake tambayar wannan injin komai ba, don kada sabuwar tambaya ta tura nata ƙasa.

Daga ranar aikinsa ya canja. Ba ya sake sa wa kowa imel ɗinsa. Zai zauna ya buɗe maka naka ko da layi ya taru, ya sa ka maimaita lambar sirrin har ta zauna. Sannan ya ƙaro wani abu da ba wanda ya roƙe shi, wanda ya sa 'yan layin suke cewa mutuwar matarsa ta taɓa shi. Kafin ya miƙa maka sabuwar waya sai ya nuna maka cewa injin bincike ba ɗaya ba ne, kuma sai ka zaɓa. Ya raɗa musu sunaye nasa na kansa. Babban da kowa ya sani, wanda yawancin wayoyi suke zuwa da shi a zaune, Mai Gida. Wanda masu ƙera ƙananan wayoyi masu araha suke cusawa, cike da tallan caca da hotunan banza, Ɗan Talla. Wani kuma da sai ka nemo shi da kanka, wanda masu shi suka ce ba ya ajiye abin da ka tambaya, Mai Mantuwa.

Ba ya yabon ko ɗaya da baki. Tambaya ɗaya yake rubuta wa dukansu a gabanka, ka gani da idonka. Ni ma ɗan layin ne, na ga ya yi wa Philemon haka, wani tsohon ma'aikacin gwamnati da ya zo da waya a kwali yana sauri.

"Ni dai ka bar mini wanda ya zo da shi," in ji Philemon. "Kamfani sun fi ni da kai sani. Da ba shi ne mai kyau ba, ba za su sa ba."

"Baba, kana zuwa Wukari a motar haya?"

"Kullum."

"Ina direba yake tsayawa a ci abinci?"

"A garin Mutum Biyu, wurin wata mata."

"Kai ka zaɓe ta?"

Philemon ya girgiza kai.

"Direba yana ci kyauta a wurinta, har da nama, shi ya sa yake sauke ku a ƙofarta. Haka wannan. Masu injin suna biyan masu ƙera waya don a zaunar da nasu a gaba. Ban ce abincinta ba daɗi ba. Na ce ba kai ka zaɓa ba."

Ya rubuta sunan wata unguwa ta Jalingo a ukun. Mai Gida ya kawo ta har da taswira da kantin maganin da ke bakin titi. Ɗan Talla ya fara kawo tallan bashi da na ƙwallo kafin komai. Mai Mantuwa ya kawo abu kaɗan, rabi ma na wata ƙasa. Ya sake gwadawa da sunan maganin hawan jini da Philemon yake sha, nan kuma Mai Mantuwa bai gaza ba, amsarsa ta yi daidai da ta Mai Gida.

"To ai ka gani," in ji Philemon. "Babban ya fi sanin gari."

"Ya fi. Ya fi jin Hausa ma. Ya san gari ne don yana riƙe abin da kowa ya gaya masa, har da naka. Mai Mantuwa kuwa bai san ka ba, gobe ma ba zai san ka ba, in dai gaskiya suka faɗa, ni ban shiga cikinsa na gani ba. Abin da na gwada shi ne, ba ya dawo mini da tambayar jiya. Zaɓi ya rage naka."

Philemon ya zaɓi Mai Gida, kamar yadda mafi yawa suke yi. Njidda ya nuna masa inda ake kashe ajiyar tambayoyi, ya miƙa masa wayarsa. Da ya tafi Tobiya ya ce, "Kai wa'azinka ba ya tuba da kowa." Njidda ya ce ba wa'azi yake ba.

Ana haka Rauda ta samu gurbin karatu a jami'a a Wukari. Yarinya ce doguwa marar magana, ta ɗauko uwarta har yadda take sunkuyar da kai in ana yi mata faɗa. Tun rasuwar ita ke riƙe da gidan. Za ta tafi inda ba Alice, ba dangi, kuma tana buƙatar waya. A rabon gado wayar Zulfa ta faɗo a kasonta, Njidda ne dai ya riƙe bai ba ta ba. Yanzu babu sauran dalili. Ya ciro ta daga akwati ya kawo kasuwa, ya canja mata batir, ya goge ta. Da ta kama, imel ɗinsa na nan a ciki yadda ya bar shi.

A nan ya tsaya. Tambayar Zulfa ta ƙarshe ita yake karantawa kowace asuba, kuma ya je ya tambayi Alice, ta ce masa e, yakan bi jini, ba dole ba ne amma yakan bi, ya kamata yarinyar ta san yadda ake dubawa tun yanzu. In ya bar imel ɗin, duk abin da Rauda ta tambaya a Wukari zai faɗo a aljihunsa a Jalingo. Wannan karon ba wayoyin mutane a ciki da za su rikita shi. In ta rubuta kalmar ƙullutu da safe, kafin azahar yana tasha. In ya cire kuwa, ya rufe tagar da ta rage masa, domin ya san 'yarsa, ya kuma san kansa. Shekarunta goma sha tara bai taɓa zama ya yi hira da ita ba.

Wayar ta kwana biyu a kan teburinsa bai taɓa ta ba.

"Bar shi a ciki," in ji Tobiya. "Ni na yi wa ɗana haka, bai sani ba. Ranar da ya fara neman caca, kafin ya dawo gida bulala yana jiransa. Yarinya ba zai sani ba, kai kuma hankalinka ya kwanta."

"In ba ta sani ba, na zama ɓarawo a ɗakin 'yata."

"To gaya mata."

"Na taɓa gaya wa wata."

Tobiya ya san wadda yake nufi. Ya juya yana jera cajojin da suke a jere.

Ana gobe tafiya Rauda ta zo kasuwa da hantsi karɓar wayar. Ta tsaya nesa kaɗan da teburin kamar baƙuwa, ta gaishe shi da Fulatanci, idonta a ƙasa. Ya nuna mata benci. Bai san ta inda zai fara ba, sai ya fara ta inda ya saba, ya yi mata abin da yake yi wa kwastoma. Ya jera mata ukun, ya rubuta sunan jami'arta a kowanne. Ya ce wannan ya fi sani amma yana riƙewa, wannan shara ne, wannan bai kai na farko ba amma ba ya riƙewa. Muryarsa irin ta aiki, ba ya kallonta.

Ta saurara har ya gama. Sannan ta ce a hankali, "Baaba, a bar ta yadda take."

"Akwai imel ɗina a ciki. Duk abin da aka tambaya..."

"Na sani."

Ya ɗago.

"Daada ta gaya mini, lokacin da take kwance. Ta ce in wani abu ya dame ni wanda ba zan iya faɗa ba, in rubuta a nan, za ka gani." Daada take kiran uwarta. Ta gyara mayafinta. "Ta ce kana gani, sai dai aiki ya yi maka yawa."

Janareta na ta ƙara a bayan layin, wani yana cinikin rigar waya da ƙarfi. Tobiya ya tashi ya bar teburinsa ba tare da ya ce a duba masa ba. Njidda ya kalli wayar da ke hannunsa. Shekara guda yana gaya wa kansa wataƙila ba da shi take ba, wataƙila ta manta abin da ya faɗa a kan tuwo, wataƙila waya kawai take tambaya kamar kowa. Yanzu wannan ma an karɓe masa. Har uzuri ta ba shi kafin ta tafi. Ga kuma 'yarta zaune a kan benci tana roƙon a bar mata hanyar nan, domin ita ce hanyar da aka nuna mata, kuma ta fi sauƙi gare su duka biyu. Ita ba sai ta buɗe baki ba, shi ba sai ya tambaya ba. Zai ci gaba da zama a kan turmi da asuba yana jiran waya ta gaya masa halin da gidansa ke ciki.

Ya shiga saitin wayar. Ya cire imel ɗinsa. Wayar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ce ya tabbata. Ya buɗe mata sabo da sunanta, ya miƙa mata ya ce ta sa lambar sirri, ya juya fuskarsa wajen titi har ta gama.

"Wanne za a zaunar miki a gaba?"

Ta nuna Mai Mantuwa, sannan ta ce amma a bar Mai Gida a gefe saboda karatu. Ya yi yadda ta ce. Ya ajiye wayar a gabanta. Idonta ya cika, ba ta bari ya zubo ba.

"Wannan hanyar an bi ta," in ji shi. "Na ga inda ta kai."

Ta sunkuyar da kai tana kallon wayar.

"Rauda."

Ta ɗago da sauri kamar an taɓa ta da wuta. Shi ma sunan ya fito masa wani iri, kamar kalmar wani yare da ya koya jiya.

"In wani abu ya same ki, ko ƙanƙane ne, ko a ina yake a jikinki, da bakinki za ki gaya mini. In kin kasa, ni zan tambaya. Duk Juma'a zan kira in tambaya, kuma ba gaisuwa zan yi ba. Kin ji?"

"Na ji, Baaba."

"Ban yarda da na ji ba. Tashi."

Ya kashe ƙarfen liƙi, ya tattara wayoyin mutane ya zuba a akwati ya sa kwaɗo. Wani mai jiran a canja masa gilashi ya ce, "Malam, ai yanzu ka ce in jira." Njidda ya miƙa masa wayarsa ya ce, "Kai gaba, ko ka dawo gobe." Tun da na san layin nan ban taɓa ganin ya rufe da rana tsaka ba, ko ranar da aka sa sunan 'ya'yansa. Tobiya ya dawo ya tarar ana rufewa, ya ce, "Ina zuwa, Malam Fulo?"

"Wurin Alice. Za ta nuna mata yadda ake dubawa, ta kuma duba ta kafin ta tafi."

"Kai za ka kai ta? Da kanka?"

"Riƙe makulli, bawa."

Suka fita bakin titi, yana gaba tana biye da tazarar da ta saba bari. Ya tsayar da keke napep. Da can in dole ta haɗa su tafiya, gaba yake zama kusa da direba ya bar mata baya. Rauda ta shiga ta matsa can ƙarshe. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki, ya zaro tasa wayar daga aljihu, ya kalli fuskarta ba tare da ya taɓa ba. Tambayoyin Zulfa suna nan a ciki, ba abin da ya goge, kuma ban ce gobe da asuba ba zai koma kan turmin ba. Ya mayar da ita aljihu, ya tattare rigarsa, ya shiga baya ya zauna kusa da 'yarsa, ya ce da direba, "Majidaɗi."